Yadda Ake Gane Kayan Abincin da Aka Sauya wa Kwanan Wata, da Abin da Doka Ta Tanadar wa Mai Shago

Duk wanda ya taɓa tsayawa a Kasuwar Singa ana saura mako biyu a ɗauki azumi ya ga yadda katan-katan na madara, taliya, tumatirin gwangwani, bota da garin lemo suke fita a kan baro da a-kori-kura zuwa shagunan unguwanni da garuruwan da ke nesa da Kano. Mafi yawan masu wannan sana'a halal suke nema, amma a cikin irin wannan hada-hada ne kayan da wa'adinsu ya ƙare suke samun ƙofar sulalewa, domin mai saye yana sauri, mai sayarwa kuma yana so ya rage sito. Kayan da suka yi kwantai har suka “yi isfaya”, kamar yadda ake faɗa a kasuwa, asara ce tsagwaronta, kuma ba kowane ɗan kasuwa ne yake iya haɗiye ta ba. Wani sai ya goge tsohon kwanan watan ya buga sabo, kayan su koma kan kanta kamar jiya aka kawo su daga kamfani.

Abin da ya kamata mai saye ya riƙe tun daga farko shi ne cewa kwanan watan da ke jikin kaya shaida ɗaya ce tak, kuma ita ce shaidar da ta fi sauƙin juyawa. Alƙali ba ya yanke hukunci da bakin mutum ɗaya idan akwai wasu da suka halarci abin. Gwangwani da leda da kwali da abin da ke cikinsu duk suna da abin faɗa, kuma wanda ya sauya lambobi ba ya iya sauya su gaba ɗaya.

Mataki na farko: a san abin da aka rubuta

Kafin mutum ya gane an taɓa rubutu, sai ya san yadda rubutun yake idan ba a taɓa shi ba. Kayan abincin da aka ƙunshe a kamfani suna ɗauke da abubuwa huɗu da suka shafe mu. Akwai ranar da aka yi kayan, wadda ake sa wa alamar MFD ko MFG ko PROD. Akwai ranar ƙarewar wa'adi, wadda ake sa wa EXP ko BB. Akwai lambar rukuni, wato lambar da kamfani yake bai wa duk kayan da aka yi a zubi ɗaya, wadda ake sa wa BN ko LOT. Sannan akwai lambar rajistar NAFDAC, hukumar tarayya mai kula da ingancin abinci da magunguna. Idan ɗaya daga cikin waɗannan ya ɓace, ko kuma aka manna takardar farashi daidai a kansa, wannan kaɗai ya isa mutum ya mayar da kayan kan kanta ya ɗauki wani.

Tsakanin BB da EXP akwai bambanci. Alamar BB tana nufin kamfani ya lamunci ɗanɗano da ƙamshi da ingancin kayan har zuwa wannan rana, bayanta kuma ya zare hannunsa. Alamar EXP, ko kalmomin USE BY, sun fi tsanani, domin suna nufin kada a ci bayan ranar. Wasu 'yan kasuwa sukan fake da wannan bambanci su ce ai biskit ba ya kashe mutum don ya wuce BB da wata biyu. Ko da maganar tana da ƙamshin gaskiya a wasu kayan, ba ta halatta a goge ranar ba, domin wanda zai yanke shawarar ci ko bari shi ne mai saye, kuma ba zai iya yankewa ba idan an ɓoye masa gaskiya. Madarar jarirai kuwa ba a yi mata wannan lissafi ko kaɗan, ranar da ta cika ranar ta fita daga gida.

A kula da tsarin lambobin. Kamfanonin Najeriya da na Turai suna fara rubuta rana, sai wata, sai shekara, amma kayan Amurka sukan fara da wata. Saboda haka 04/09/2026 yana iya zama 4 ga Satumba, yana kuma iya zama 9 ga Afrilu, gwargwadon inda kayan suka fito. Idan wata da shekara kawai aka rubuta, kamar 11/2026, ana nufin zuwa ƙarshen wannan watan. Wannan ba ha'inci ba ne, amma rashin saninsa yana sa mutum ya zargi wanda bai yi laifi ba.

Mataki na biyu: a duba gurbin kwanan watan da ido da yatsa

Nan ne aikin yake, kuma yana buƙatar haske. Shagunan kasuwa da yawa suna da duhu daga ciki, don haka a fito da kayan bakin ƙofa ko a haska fitilar waya, a karkata gwangwanin yadda haske zai kwanta a kansa ta gefe. Injin kamfani yana buga lambobi ne da ƙananan ɗige-ɗige masu tazara iri ɗaya, a layi miƙaƙƙe, a wuri guda a kan kowane gwangwani. Mai sauya kwanan wata dole ne ya fara share na farko, kuma sharewar tana barin sawu. Wurin yakan dushe ya rasa ƙyallin da sauran jikin ledar yake da shi, ko ya yi haske fiye da kewayensa, ko a ga wani dishi-dishi na baƙar tawada kamar hayaƙi a gefen sababbin lambobin. A gindin gwangwani ana iya ganin ƙananan karce inda aka kankare. Wani lokaci inuwar tsohuwar lamba tana nan a ƙarƙashin sabuwa, musamman lamba ta ƙarshe ta shekara, domin sau da yawa ita kaɗai ake taɓawa, a mayar da 3 ta koma 8, ko 5 ta koma 6.

Bayan ido sai yatsa. A ɗan jiƙa ɗan yatsa a murza lambobin a hankali. Tawadar kamfani tana bushewa nan take, ba ta biyo hannu da ɗan danshi. Idan ta biyo, ko ta baje, akwai magana. A kuma shafa wurin a ji ko akwai tudu, domin wata dabarar ita ce manna siririyar sitika mai launin ledar a kan tsohon rubutu. Farce yana gano bakin irin wannan sitika. Ba kowace sitika ce ta ha'inci ba, tunda masu shigo da kaya daga waje sukan manna takarda mai sunansu da adireshinsu, amma takardar gaskiya ba ta hawa kan kwanan watan da kamfani ya buga, kuma abin da ta faɗa ba ya saɓa wa na asali.

A ledojin da ake buga ranar a bakin ɗinkinsu, kamar na biskit da madarar sacet, a duba ko an datse bakin da almakashi. Ledar da ta fi 'yan uwanta gajarta, ko wadda bakinta ya miƙe alhali na sauran yana da haƙora, ta cancanci tambaya. A kwalaben roba na lemo da man girki, ranar takan kasance a wuya ko a murfi, kuma a nan ma dushewar roba a wuri ɗaya alama ce ta cewa an goga wani abu mai narkar da tawada.

Hanya mafi sauƙi ga wanda idonsa bai saba ba ita ce jerawa. A ɗauko uku ko huɗu na kaya iri ɗaya a ajiye su kusa da juna. Idan lambar rukuninsu ɗaya ce, dole ranar yinsu da ranar ƙarewarsu su zama ɗaya, girman lambobin da launin tawadar su zama ɗaya. Wanda yake bugawa da hannu a bayan sito ba ya iya daidaita ɗaruruwan gwangwanaye, sai a ga wannan ya karkace, wancan ya hau sama, wani tawadarsa ta yi kauri.

Mataki na uku: a nemi sauran shaidu

A yi ɗan lissafi tsakanin ranar yi da ranar ƙarewa. Kowane kamfani yana da tsawon wa'adin da yake bai wa kowane irin kaya, ba ya sauya shi daga wannan katan zuwa wancan. Idan madarar da aka saba saye tana nuna shekara biyu tsakanin ranakun, sai yau aka ga irinta tana nuna shekara uku, to ƙarin shekarar daga wani wuri ya fito. Masu gaggawa sukan sauya ranar ƙarewa su manta da ranar yi, kuma a nan asirinsu yake tonuwa.

Mai sayen katan, ko don shago, ko don gara, ko don rabon kayan azumi, ya nemi a buɗe masa ɗaya a gabansa. Ranar da lambar rukunin da ke jikin kwalin waje su dace da na kayan da ke ciki. A duba salatif ɗin da aka rufe kwalin da shi: na kamfani layi ɗaya ne, sau da yawa mai ɗauke da suna, amma wanda aka buɗe aka sake rufewa yakan nuna salatif biyu a kan juna ko fatar kwali da ta ɗaye. Kada a tsaya ga layin sama, a zaro daga tsakiya ko ƙasa. Ɗan kasuwar da yake da gaskiya ba ya jin haushin wannan, wanda ya fara cewa “Alhaji, ai mu ba ma haka, ɗauki kawai” alhali ya hana a buɗe, shi ne abin lura.

Rigar kayan ma tana faɗin shekarunta. Kamfanoni suna sauya zanen leda, suna rage nauyin abin da ke ciki, suna buga gasar da take da ranar rufewa. Wasu ƙananan ledoji har farashi ake bugawa a jikinsu, kuma kowa ya san yadda farashin kayan masarufi ya tashi daga 2023 zuwa yau. Ledar da ke ɗauke da farashin da aka daɗe da mantawa da shi, ko tallar gasar da aka rufe tuntuni, amma kwanan watanta yana cewa sabuwa ce, ta ƙaryata kanta.

Sai jikin kayan. Gwangwanin da ya kumbura a sama ko a gindi, ko yake yoyo, ko tsatsa ta ci bakin ɗinkinsa, ba a saye ko da ranarsa ta nuna saura shekara biyu, domin kumburin yana iya zama iskar da ƙwayoyin cuta suke fitarwa, kuma a cikinsu akwai mai haifar da guba mai shanye jiki wadda ba a ko ɗanɗana ta don gwaji. Madarar gari da ta dunƙule ta yi tauri ko ta koma ruwan ƙasa-ƙasa, man da yake warin daɗewa yana maƙaƙi a maƙogwaro, fulawa ko taliya mai ƙwari da yana kamar ta gizo-gizo, bamar da mai ya rabu ya taso sama, lemon da aka buɗe bai yi huci ba, duk suna ba da labarin da ya fi na tawada gaskiya. A nan ya kamata a yi adalci: zafin Kano a watan Afrilu yana haura digiri 40, kuma kayan da aka jibge a kwantena ko aka shanya a rana suna iya lalacewa tun wa'adinsu bai cika ba. Wannan laifin ajiya ne, ba na sauya rana ba, amma sakamakonsa a cikin mai ci ɗaya ne.

Farashi shi ne shaida ta ƙarshe. Ribar kayan masarufi siririya ce, kuma 'yan kasuwa sun san farashin kamfani na kowane mako. Katan ɗin da aka karyar da shi ƙasa da yadda dila yake bayarwa yana da dalili, kuma a tambayi dalilin. Idan aka ce saura wata ɗaya ya ƙare shi ya sa aka yi rangwame, wannan ciniki ne na gaskiya, mai saye ya auna ko zai cinye kafin lokacin. Idan kuwa ga araha ga wa'adi mai tsawo, to a tuna araha ba ta ado.

Kayan awo da na ƙulli

Akwai kayan da duk dabarun da suka gabata ba sa aiki a kansu, domin an raba su da rigarsu. Madarar gari da ake aunawa daga buhu, garin lemo, ɗan tsami, yis da bota da ake ƙullawa a farar leda ba su da rana ba su da suna, kuma juye kaya daga mazubinsu na asali ita ce hanya mafi sauƙi ta ɓatar da wa'adin da ya ƙare. Kanawa ba su manta da watan Maris na 2021 ba, lokacin da aka kwantar da ɗaruruwan mutane a asibitoci suna amai da fitsarin jini, wasu kuma suka rasu, bayan shan lemon haɗi. Hukumomin jiha sun danganta abin da garin lemon da ya lalace, daga baya kuma NAFDAC ta bayyana cewa gwajinta ya gano wani sinadari mai guba da aka sayar a matsayin ɗan tsami. Wanda dole sai ya sayi na awo, musamman masu yin zoɓo da lemo da fura da yogot na sayarwa, ya nemi ganin buhun da ake ɗiba daga ciki, ya karanta ranarsa, ya kuma tsaya ga mutum ɗaya da ya sani wanda zai iya komawa wurinsa gobe.

Mataki na huɗu: a adana hujja

Idan an riga an kai kaya gida kafin a gane, kada fushi ya sa a zubar da su a bola, domin su ne hujjar. A daina ci, a ware su inda yara ba za su kai ba, a bar waɗanda ba a buɗe ba yadda suke. A ɗauki hoton gurbin kwanan watan a cikin haske, da lambar rukuni, da lambar NAFDAC, da sunan kamfani, da kwalin idan akwai. Kada a ɓare sitikar gaba ɗaya, a ɗaga gefenta kawai, domin jami'in bincike zai so ya ganta a inda aka manna ta. Rasit yana da muhimmanci, kuma da yake shagunan unguwa ba su cika bayarwa ba, saƙon banki na turin kuɗi ko takardar POS suna nuna rana da sunan wanda ya karɓa. A rubuta lambar shago, layi, rana da wanda aka je tare da shi.

Idan wani ya ci ya kamu da amai, gudawa, ciwon ciki mai tsanani, ko ganinsa ya fara rabuwa biyu, asibiti ake fara nufa, a tafi da ragowar abin da mazubinsa, a gaya wa likita abin da aka ci da lokacin da aka ci. Takardun asibiti da rasit ɗin magani su ne za su tsaya wa mutum idan magana ta kai ga neman diyya.

Mataki na biyar: a koma wurin mai shago

Sau da yawa mai ƙaramin shago shi ma sayar masa aka yi. A same shi a natse, ba a gaban cincirindon masu saye ba, a ce masa: “Malam, ga kayan da na saya a nan shekaranjiya, dubi wurin nan da kyau. Ina so ka mayar mini da kuɗina, ka kuma sauke sauran daga kanta.” Mayar da kuɗin haƙƙi ne ba alfarma ba, domin dokar kare masu saye ta tarayya ta bai wa mutum damar mayar da kayan da ba su cika sharaɗin inganci ba cikin wata uku, kuma rubutun “ba a dawo da kaya” da ake liƙawa a bango ba ya soke wannan. Amma kuɗin ba shi ne ƙarshen magana ba. Idan ya mayar da kuɗi ya bar sauran a kanta, to wani gidan za su shiga. A kasuwa ana iya kai maganar ga shugabannin layi ko na ƙungiyar 'yan kasuwa, waɗanda sukan san daga sito na wa kayan suka fito.

Mataki na shida: a kai ƙara inda ya dace

Idan an ga alamar abin da gangan ne, ko kayan suna da yawa, ko mai shagon ya yi kunnen uwar shegu, akwai ƙofofi uku. Ta kusa ita ce Hukumar Kare Haƙƙin Masu Sayen Kaya ta Jihar Kano, wadda take shiga kasuwanni da sito-sito tana kama gurɓatattun kaya. Ta biyu ita ce NAFDAC, wadda aka kafa da doka a 1993, tana da ofis a Kano, kuma ita ce take da ikon ɗaukar samfuri ta kai ɗakin gwaji, ta tuntuɓi kamfanin da ya yi kayan ya faɗi ainihin ranar wannan lambar rukuni. Ta uku ita ce FCCPC, hukumar tarayya mai kula da gasar kasuwanci da kare haƙƙin masu saye, wadda take karɓar ƙorafi a ofis da kuma ta intanet. A rubuta ƙorafin a taƙaice: abin da aka saya, a ina, yaushe, nawa, me aka gani, me mai shagon ya ce. A haɗa da kwafin hotuna da na rasit, a riƙe na asali, a nemi a buga hatimin karɓa a kan kwafin da za a tafi da shi. Sanar da kamfanin da sunansa ke jikin kayan ma yana da amfani, domin sunansa ake ɓatawa kuma yana da rijistar kowane zubi.

Abu ɗaya da ya kamata a yi hattara da shi shi ne gaggawar wallafa sunan shago ko na kamfani a Facebook ko TikTok kafin hukuma ta tabbatar. A 2023 an kama wata mata a Legas saboda abin da ta rubuta game da wani tumatirin gwangwani, aka gurfanar da ita a ƙarƙashin dokar laifukan intanet. Ko mutum yana ganin an yi mata adalci ko ba a yi ba, darasin a fili yake: hujjar da aka miƙa wa hukuma tana kare mai ita, zargin da aka watsa ba tare da gwaji ba yana iya mayar da mai ƙara ya zama wanda ake ƙara.

Abin da yake jiran mai shago a gaban doka

Matakin farko da hukuma take ɗauka yakan zo tun kafin kotu: a kwashe kayan, a garƙame shago ko sito, a gayyaci mai shi. Ga ɗan kasuwa, kwanakin da shago yake rufe a tsakiyar kakar ciniki, da kayan kirki da suka maƙale a ciki tare da na banza, sukan fi ribar da ya hango nesa ba kusa ba.

Dokar da ta fi tsanani ita ce ta hana jabun magunguna da gurɓataccen abincin da aka sarrafa, wadda aka yi a 1999, take kuma a babi na C34 na kundin dokokin tarayya na 2004. Ta haramta yin irin waɗannan kaya, da shigo da su, da sayar da su, da rarraba su, da baje su don sayarwa, har da mallakarsu da taimaka wa mai yi. Hukuncinta tara ce da ba ta wuce naira 500,000 ba, ko ɗauri daga shekara 5 zuwa 15, ko duka biyun, kayan kuma su zama na gwamnati, kuma Babbar Kotun Tarayya ce take sauraron shari'ar. Tarar dai ta tsufa, a yau ba ta kai kuɗin katan ɗin madara masu yawa ba, amma shekarun ɗaurin ba su tsufa ba.

Dokar gasa da kare masu saye ta 2018, wadda aka sa wa hannu a farkon 2019, ita ce ta fi kama wannan laifi da sunansa. Sashe na 116 ya hana sauyawa, ko gogewa, ko rufewa, ko cire bayanin da ke jikin kaya da nufin yaudarar mai saye, ya kuma hana baje kayan ga wanda ya sani, ko yake da dalilin zargi, ko zai iya ganewa da ya duba, cewa an taɓa bayanin. Wannan gaɓa ce ta rushe uzurin “haka na saro su”. Sashe na 155 ya tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 5 ko tarar da za ta iya kai naira miliyan 10 ko duka biyun ga mutum, kamfani kuma tarar da ba ta gaza naira miliyan 100 ba ko kashi 10 cikin 100 na cinikinsa na shekarar da ta gabata, duk wanda ya fi yawa, sannan ana iya tuhumar daraktocinsa ɗaya bayan ɗaya. Manyan kantunan zamani masu rajista su ne wannan sashe ya fi shafa. Ban da waɗannan, kundin dokokin laifuka na Penal Code da ake aiki da shi a Arewa ya hukunta zamba cikin ciniki da sayar da abinci mai cutarwa, kuma wanda ya cutu yana iya shigar da ƙarar neman diyya ta daban. Ga ɗan kasuwa Musulmi kuwa maganar ta riga dokar gwamnati, tun ranar da Manzon Allah (SAW) ya sa hannu cikin tarin abinci a kasuwa ya ji danshin da aka ɓoye a ƙasa, ya ce wanda ya yi algus ba ya tare da mu.

Yadda mai shago zai tsare kansa

Mai shagon da ba ya son ya tsinci kansa a wannan hali ya fara daga wurin sari. Ya saya daga dilan da aka sani, ya karɓi takardar ciniki mai suna da rana, ya kuma rubuta lambar rukunin manyan kayan a littafinsa, domin ranar da jami'ai suka zo wannan takarda ce za ta nuna cewa shi ma sayar masa aka yi, ta kuma kai su ga wanda ya yi aikin. Ya guji kayan da ake kawowa da magariba a mota ana cewa na wani ne da yake neman kuɗi da gaggawa. Duk katan da ya shigo a buɗe ɗaya a yi masa dubawar da aka bayyana a sama kafin a biya.

A cikin shago, sabon kaya yana komawa baya ne, tsoho ya matso gaba, kuma a koya wa yaran shago wannan, domin su ne suke jera kanta kuma sauƙi yakan sa su ɗora sabo a kan tsoho. A ware rana ɗaya a kowane wata a zagaya sito da littafi, a fitar da duk abin da ya rage masa wata uku. Irin waɗannan ana iya yi musu rangwame a fili tare da gaya wa mai saye ranar da za su ƙare, ko a tuntuɓi dila tun da wuri, tunda wasu kamfanonin suna karɓar kayansu su musanya idan an sanar da su kafin wa'adi ya cika. A ɗaga kaya daga ƙasa a kan katako, a nisanta su da bangon da rana take duka da rufin kwano.

Abin da ya riga ya ƙare a sauke shi daga kanta a ranar, a haɗa shi wuri guda nesa da kayan sayarwa, a rubuta a jikin kwalin da manyan baƙaƙe cewa ba na sayarwa ba ne, a shigar da adadinsa a littafi. Kada a sayar wa masu yawo suna neman “kayan da suka kwana”, ko da sun ce dabbobi za su bai wa, domin daga hannunsu ne kayan suke komawa kasuwa da sabuwar rana, kuma lambar rukunin tana iya dawo da bincike har ƙofar shagon da suka fito. Idan kaɗan ne a fasa mazubin a lalata abin da ke ciki yadda ba zai sake sayuwa ba. Idan katan-katan ne, a rubuta wa NAFDAC a nemi ta karɓa ta lalata su a ƙarƙashin kulawarta, a kuma adana takardar shaidar miƙawa tare da takardun sari.